Yadda ake kafa sabar Mastodon ta kanka a cikin kwantenar Docker

Mastodon ba kamfani ɗaya ba ne mai riƙe da kowa kamar Facebook. Dubban sabobi ne masu cin gashin kansu, kowace da mai ita da dokokinta, suna musayar saƙonni ta ƙa'idar ActivityPub wadda hukumar W3C ta amince da ita a 2018. Wanda ya kafa tasa sabar zai iya bin mutanen da ke kan sauran sabobi, su ma su bi shi, kuma bayanansa na hannunsa. Ɗora manhajar a Docker, wato tsarin da ke gudanar da kowace manhaja a keɓe cikin wani akwati nata da ake kira kwantena, ba ya cin yini guda. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne abubuwa uku da ba sa zaune a cikin kwantena: sunan sabar, rumbun bayanai, da mabuɗan sirri. Kwantena ana iya share ta a tayar da sabuwa cikin daƙiƙu kaɗan, amma waɗannan ukun idan suka salwanta, sabar ta tafi da mabiyanta.

Fara da suna, domin ba ya canzuwa

Adireshin kowane asusu yana ɗauke da sunan domen: @amina@example.com. Da zarar sabarka ta fara hulɗa da wasu, kowace saba ta rubuta wannan sunan a rumbunta, haɗe da mabuɗin da ake tantance saƙonninka da shi. Babu umarnin da zai sauya shi daga baya. Canza darajar LOCAL_DOMAIN bayan an fara aiki yana lalata asusun da ke ciki ne kawai. Saboda haka ka zaɓi domen da za ka iya ci gaba da biyan kuɗinsa shekara da shekaru, ka kuma kunna sabuntawa ta atomatik a wurin da ka saye shi.

Akwai zaɓi na biyu da shi ma yanzu ne lokacin yanke shi. Idan kana da shafi a example.com, kana so manhajar ta zauna a social.example.com amma adireshin mutane ya tsaya gajere, sai ka sa LOCAL_DOMAIN=example.com da WEB_DOMAIN=social.example.com. Sharaɗinsa shi ne babban domen ya riƙa tura duk buƙatar da ta zo kan /.well-known/webfinger zuwa ƙaramin. Ranar da wannan turawa ta karye, babu wanda zai iya nemo asusunka daga waje. Wanda ba shi da wani shafi a domen ɗin, ya bar WEB_DOMAIN, ya rage wa kansa abin kulawa.

Na'urar da ake buƙata

Sabar haya mai Debian ko Ubuntu, da RAM gigabait 2 da ƙarin ma'ajin musanya (swap, wato wani ɓangare na faifai da ke tallafa wa RAM), tana ɗaukar mutum ɗaya zuwa 'yan kaɗan. Gigabait 4 ya fi ba da sarari. Faifai kada ya gaza gigabait 40 zuwa 50, kuma za ka ga dalili a ƙasa. Ana iya ajiye sabar a gida, amma sai layin intanet ɗinka yana da adireshin IP da ake iya isowa daga waje, kuma wuta ba ta yawan yankewa. Tarayya, wato musayar saƙonni tsakanin sabobi, aiki ne na dare da rana: sauran sabobi suna kawo saƙo a kowane lokaci. Idan ba su same ka ba suna sake gwadawa, amma sabar Mastodon da ta yi kwana 7 tana kasa isar maka da saƙo takan daina turowa har sai ta sake jin motsinka.

Idan na'urarka ƙarama ce ƙwarai, duba GoToSocial. Ita ma tana jin ActivityPub, kwantena ɗaya ce, kuma tana iya aiki da SQLite, ƙaramin rumbun bayanai mai zama a fayil ɗaya. Abin da ke ƙasa dai na Mastodon ne.

A shafin DNS, sa rikodin A ya nuna adireshin IPv4 na sabar. Kada ka sa rikodin AAAA sai ka tabbatar IPv6 yana aiki a na'urar, domin idan ba ya aiki, wasu sabobi za su same ka wasu su kasa, kuma irin wannan matsala tana da wuyar ganewa.

Shiga ta SSH da mabuɗi, ka kashe shiga da kalmar sirri. A katangar tsaro buɗe ƙofa 22, 80 da 443 kaɗai. Sannan ƙara ma'ajin musanya:

```
fallocate -l 2G /swapfile
chmod 600 /swapfile
mkswap /swapfile
swapon /swapfile
```

Ka rubuta shi a /etc/fstab don ya dawo bayan an sake kunna na'ura. Duba agogo da umarnin `timedatectl`, ka tabbatar yana daidaita kansa ta intanet. Kowane saƙon tarayya yana ɗauke da sa hannu na lissafi wanda lokaci ke cikinsa, kuma agogon da ya karkace da yawa yana sa a riƙa ƙin saƙonninka ba tare da wani bayani ya bayyana a allo ba.

Girka Docker daga ma'ajin kamfanin Docker ɗin kansa, tare da ɓangaren Compose. `docker compose version` zai nuna maka ko ya zauna.

Kwantenoni biyar da aikin kowace

Sanin wannan shi ne rabin gyara idan matsala ta taso. Kwantenar `db` ita ce PostgreSQL, inda asusu, rubuce-rubuce, jerin mabiya da mabuɗan kowane asusu suke. `redis` tana riƙe da jerin ayyukan da ke jira da kuma jerin saƙonnin shafin gida. `web` ita ce manhajar Ruby on Rails da ke amsa buƙatu a ƙofa 3000. `streaming` an rubuta ta da Node.js, tana ƙofa 4000, ita ke sa sabon saƙo ya faɗo ba sai ka sabunta shafi ba. `sidekiq` kuwa ita ke yin aikin bayan fage: aika saƙonni zuwa sauran sabobi, karɓar nasu, sauko da hotuna, tura imel. Tarayyar gaba ɗaya a kanta take. Idan ta tsaya, shafi zai buɗe lafiya lau, amma babu abin da ke fita ko shigowa.

Buɗe folda, ka sauko da fayil ɗin docker-compose.yml daga ma'ajin Mastodon a GitHub. Ɗauko na sigar ƙarshe da aka saki, ba na reshen `main` da ake kan aiki a kai ba:

```
mkdir -p /opt/mastodon/public/system
cd /opt/mastodon
touch .env.production
chown -R 991:991 public/system
```

Lamba 991 ita ce ta mai amfani da ke gudanar da manhajar a cikin kwantena. Idan ka tsallake wannan layi, komai zai tashi, amma duk hoton da aka yi ƙoƙarin ɗorawa zai gaza, domin manhajar ba ta da izinin rubutu a foldar.

Buɗe docker-compose.yml ka duba abu uku. Na farko, layukan `image` su ɗauki cikakkiyar lambar siga, ba `latest` ba; da `latest`, wata rana za ka ja sabuwar siga ba da niyya ba, ta tarar da rumbun da bai shirya mata ba. Tun daga siga 4.3, `streaming` tana da samfurinta (wato `image` ɗin da ake tayar da kwantena daga gare shi) daban, ghcr.io/mastodon/mastodon-streaming, kuma lambarta ta zama daidai da ta `web` da `sidekiq`. Na biyu, ƙofofi su kasance a rubuce kamar `127.0.0.1:3000:3000`. Wannan ba ado ba ne. Docker yana rubuta dokokinsa kai tsaye a iptables, katangar tsaron Linux, kuma ƙofar da ka buɗe ba tare da 127.0.0.1 ba tana fita duniya ko da ufw, manhajar saita katangar, ya nuna a rufe take. Na uku, fayil ɗin yakan zo da POSTGRES_HOST_AUTH_METHOD=trust, wato rumbun ba ya tambayar kalmar sirri. An yi haka ne domin `db` tana kan hanyar cikin gida da ba ta taɓa intanet, amma ya fi kyau ka maye gurbinsa da POSTGRES_PASSWORD mai tsawo. Yi shi kafin tashin farko, domin PostgreSQL yana karanta wannan daraja ne sau ɗaya tak, lokacin da foldar bayanai take fayau.

Imel kafin saiti

Mastodon na tura imel don tabbatar da asusu, sauya kalmar sirri da sanar da mai kula da saba game da ƙorafi. Kada ka yi ƙoƙarin turawa kai tsaye daga na'urarka: kamfanonin haya da yawa suna toshe ƙofa 25, kuma manyan masu karɓar imel ba sa yarda da sabon adireshin IP. Buɗe asusu a wata hidimar tura imel ta SMTP, ka sa rikodin SPF da DKIM da za su ba ka a DNS, ka ajiye sunan sabarsu, ƙofa 587, suna da kalmar sirri a kusa.

Saitin farko

```
docker compose run --rm web bundle exec rake mastodon:setup
```

Zai yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Domen: wanda ka zaɓa. Yanayin mutum ɗaya: amsa e idan kai kaɗai ne, domin yana rufe rajista, shafin farko ya zama naka. Ko kana amfani da Docker: e. Wurin PostgreSQL shi ne `db`, na Redis `redis`, wato sunayen kwantenonin. Rubuta `localhost` a nan kuskure ne da ake yawan yi. A cikin kwantena, `localhost` na nufin ita kwantenar kanta. Sa bayanan SMTP, ka karɓi tayin tura imel na gwaji, ka je ka ga ya iso.

Daga nan zai zubo maka dukkan saitin a allo. Kwafe shi gaba ɗaya ka liƙa a cikin .env.production da ke kan na'urar kafin ka ci gaba. Kwantenar da ta yi saitin ta wucin gadi ce, `--rm` zai share ta da duk abin da ta rubuta a cikinta. A cikin abin da ka kwafa akwai SECRET_KEY_BASE, mabuɗan VAPID guda biyu na sanarwar waya, da mabuɗai uku masu farawa da ACTIVE_RECORD_ENCRYPTION. Da waɗannan ukun ake ɓoye wasu bayanai a rumbu, har da sirrin tantancewa mai mataki biyu. Idan suka ɓata, masu amfani da ita ba za su iya shiga asusunsu ba. Sa `chmod 600 .env.production`, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri da ba wannan na'ura ba, yau ɗin nan.

Bar shi ya shirya rumbun, ya buɗe maka asusun mai saba. Kalmar sirrin sau ɗaya yake nuna ta. Idan wannan mataki ya wuce ka, ana yin sa daga baya:

```
docker compose run --rm web bin/tootctl accounts create amina --email amina@example.com --confirmed --role Owner
docker compose run --rm web bin/tootctl accounts approve amina
```

Sai ka tayar da komai da `docker compose up -d`. Bayan minti ɗaya ko biyu, `docker compose ps` ya nuna duka biyar suna aiki.

Sabar gaba da HTTPS

Tarayya ba ta yiwuwa sai da HTTPS mai ingantacciyar takardar shaida. Ana sa wata manhaja a gaba ta karɓi buƙatu a ƙofa 443 ta miƙa wa kwantenoni. Caddy ya fi sauƙi, domin da kansa yake karɓo takarda daga Let's Encrypt, ya kuma sabunta ta. Idan an girka shi a kan na'urar, wannan ya isa:

```
example.com {
    handle /api/v1/streaming* {
        reverse_proxy 127.0.0.1:4000
    }
    handle {
        reverse_proxy 127.0.0.1:3000
    }
}
```

Mai son nginx a madadin Caddy ya kula da wurare huɗu. Samfurin saitin da ke ma'ajin Mastodon an rubuta shi ne don girki ba a kwantena ba, yana neman fayilolin CSS da JavaScript a kan faifai, alhali naka suna cikin kwantena; sai an mayar da layukan `try_files $uri =404` zuwa `try_files $uri @proxy`, in ba haka ba shafi zai fito babu fasali. Dole a tura X-Forwarded-Proto da darajar https, domin idan babu shi manhajar na zaton an zo ta HTTP, ta yi ta mayar da mai bincike wuri ɗaya har ya gaji. `client_max_body_size` a kai shi 99m, domin asalinsa megabait 1 ne, kuma hoto mai ɗan girma zai dawo da kuskure 413. Sannan a bar layukan Upgrade da Connection a ɓangaren `streaming`.

Idan ka sa wata hidimar kariya daga mutum-mutumin intanet a gaban domen, ka sani sauran sabobi ma mutum-mutumi ne a idonta. Shafin tantancewa da za ta nuna musu a kan /inbox zai kashe tarayyar gaba ɗaya.

Gwada daga wata kwamfuta:

```
curl https://example.com/health
curl "https://example.com/.well-known/webfinger?resource=acct:amina@example.com"
```

Na farko ya amsa OK, na biyu ya dawo da bayanan asusun. Sannan ka nemi cikakken adireshinka daga asusun da ke wata saba, ka bi kanka, ka ga ko sanarwa ta iso. Sai wannan gwaji ya ci ne za a ce saba ta kafu.

Shafi fayau ba lalacewa ba ne

Sabuwar saba ba ta san kowa ba. Abin da mutanenta suke bi, da abin da waɗanda suke bi suka sake yaɗawa, shi take karɓa. Bi asusu masu yawa a makon farko, za ka ga ta cika. Akwai kuma sabobin da ke rarraba saƙonnin jama'a ga duk wanda ya yi rajista da su, ana ƙara su a shafin gudanarwa. Suna cika shafi da sauri, suna kuma cika faifai da sauri. A ƙaramar na'ura, gara a bar su.

Rajista kuwa, kada ka bar ta a buɗe ga kowa. A Fabrairu 2024 masu watsa saƙonnin banza sun yi ta buɗe asusu a ƙananan sabobin da masu su suka bari a buɗe ba kulawa, suna damun sauran jama'a daga can. Sabar da ta zama mafakar irin wannan ana toshe ta a wurare da yawa, kuma wanke suna yana ɗaukar lokaci. Zaɓi rajista mai jiran amincewa ko ta gayyata, ka rubuta dokoki a fili, ka kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka. Kana da ikon taƙaita wata saba ko yanke hulɗa da ita baki ɗaya. Yankewar tana share alaƙar bi tsakanin mutanenka da nata, don haka a yi ta da tunani.

Faifai

Nan ne yawancin ƙananan sabobi ke mutuwa. Duk hoto da bidiyon da ya zo daga waje, sabarka tana ajiye kwafinsa a public/system/cache, haka hotunan fuska da na saman shafi na duk asusun da ta taɓa gani. Ba abin da ke share su sai ka ce a share. Idan faifai ya cika, PostgreSQL ya kasa rubutu, komai ya tsaya lokaci guda.

A shafin gudanarwa, ƙarƙashin saitin saba, akwai wurin ƙayyade kwanakin ajiye kafofin waje. Sa kwana 7 zuwa 14. Ba a rasa komai, domin ana sake sauko da hoton idan wani ya buɗe tsohon saƙo. Kusa da shi akwai wani saiti na share rubuce-rubucen waje kansu. Wannan kada ka taɓa shi: yana share har saƙonnin da mutanenka suka adana da waɗanda suka amsa, kuma ba sa dawowa.

Waɗannan umarnai suna taimakawa, ana iya sa na biyu da na uku a cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci, duk mako:

```
docker compose exec web bin/tootctl media usage
docker compose exec -T web bin/tootctl media remove --prune-profiles --days 30
docker compose exec -T web bin/tootctl preview_cards remove --days 30
```

Docker ma yana cin faifai ta hanya biyu. Rahoton kwantenoni ba ya da iyaka sai ka sa `max-size` da `max-file` a /etc/docker/daemon.json, kuma saitin yana kama sababbin kwantenoni ne kaɗai. Tsofaffin samfura kuma suna taruwa bayan kowace sabuntawa. `docker image prune -a` na kwashe waɗanda ba a amfani da su.

Idan saƙonni suna jinkiri

Buɗe /sidekiq da asusun mai saba. Za ka ga layuka: default, push, ingress, pull, mailers da scheduler. Idan `ingress` ya taru, saƙonnin waje ne ke makara; idan `push` ne, naka ne ba sa fita da wuri. Sidekiq yana farawa da zare 5, wato ayyuka 5 a lokaci guda. Ƙara su da `bundle exec sidekiq -c 15`, ka sa DB_POOL ya yi daidai da wannan lamba, domin kowane zare na buƙatar haɗinsa da rumbu. PostgreSQL na karɓar haɗi 100 ne a asali, kuma `web` da `streaming` ma suna cin nasu a ciki. Idan ka raba Sidekiq zuwa kwantenoni da dama, layin `scheduler` ya kasance a guda ɗaya tak. Kwantenar da ke mutuwa tana tashi da lambar fita 137 galibi RAM ne ya ƙare aka kashe ta. Rage WEB_CONCURRENCY daga 2 zuwa 1 kafin ka yi tunanin sayen babbar na'ura. Elasticsearch, mai ba da damar bincike a cikin rubutu, ba dole ba ne, kuma shi kaɗai yana iya cin RAM da ya kai na sauran duka.

Kwafin ajiya

Bisa muhimmanci: rumbun bayanai, sai .env.production, sai hotunan da mutanenka suka ɗora, sai Redis. Kada ka kwafi foldar PostgreSQL yana kan aiki, abin da za ka samu ba lallai ya tashi ba. Yi haka kullum da dare:

```
docker compose exec -T db pg_dump -Fc -U postgres postgres > mastodon.dump
```

Kwafi public/system amma ka tsallake `cache`. Tura komai zuwa wata na'ura dabam, a ɓoye da mabuɗi, domin akwai saƙonnin sirri da adireshin imel na mutane a ciki. Sannan lokaci zuwa lokaci ka gwada mayar da shi da `pg_restore` a na'urar gwaji wadda `sidekiq` ɗinta ke kashe, don kada ta fara aika saƙo da sunan sabarka. Dalilin wannan naci shi ne mabuɗan asusu suna cikin rumbun. Idan ya ɓata ka sake girki da domen ɗin, sauran sabobi suna riƙe da tsofaffin mabuɗai da tsohon jerin mabiya, sabon asusun mai tsohon suna zai daɗe yana cin karo da su.

Sabuntawa

Karanta bayanin sakin sigar tukuna, da na duk sigar da ke tsakani idan ka yi tsallake. Ɗauki kwafin rumbu. Canza lambar siga a wurare uku a docker-compose.yml, sannan:

```
docker compose pull
docker compose run --rm -e SKIP_POST_DEPLOYMENT_MIGRATIONS=true web bundle exec rails db:migrate
docker compose up -d
docker compose run --rm web bundle exec rails db:migrate
```

An raba gyaran rumbu gida biyu ne domin kashi na farko tsohuwar siga na iya zama da shi, na biyu kuma yana cire abubuwan da sai sabuwa ta hau ake iya cirewa. Bayan an yi shi, komawa tsohuwar siga sai ta kwafin ajiya. Sakin da aka ce na tsaro ne, a ɗora shi a ranar.

Lambar PostgreSQL ba a canza ta kamar ta Mastodon. Idan ka mayar da 14 zuwa 16 a fayil, kwantenar za ta ƙi tashi, domin tsarin fayilolin manyan sigogi ya bambanta. Sai an fitar da bayanai da `pg_dump`, a tayar da sabuwar siga a sabuwar folda, a mayar da su.

Idan wata rana ka yanke shawarar rufe sabar, sanar da mutanenka da wuri su ƙaurar da mabiyansu zuwa wata saba ta saitin asusu, domin ƙaurar tana buƙatar tsohuwar sabar na aiki. Bayan sun gama, gudanar da `tootctl self-destruct`, ka bi umarnin da zai nuna maka don a aika wa sauran sabobi sanarwar share asusun. Ba a janye shi idan an fara. Bar `sidekiq` tana aiki har layukanta su ƙare kafin ka kashe na'urar, ka kuma ci gaba da riƙe domen ɗin na wani lokaci don kada wani ya saye shi ya buɗe asusu da sunayen mutanenka.